Tsutsa a Jakar Takarda

A tashar motar birnin Nuoro, Bachisio, wani tsohon makiyayi mutumin garin Orune, ya ji ƙas-ƙas daga jakar takardar da wata mata da ke gefensa ta danne a cinya. Ya san ƙarar sarai: tsalle-tsallen tsutsa ne, na cukun nan da ake ci da tsutsarsa.

"'Yata, cuku ne a ciki?"

"Shi ne, Baba. Surukina ya ba ni. Ranar Lahadi zai zo ya ga ko na ci."

"Shi ne kike shaƙe tsutsar? Bayin Allah sun yi wata uku suna narkar miki da shi kamar man shanu, ladansu ke nan? Mu a garinmu da ransu muke shafawa a burodi, mutum ya kare ido da hannu ya kai baki."

"Jiya ɗaya ta yi tsalle ta shige min hanci."

"Gaisuwa ce! Ku dai 'yan birni kun lalace."

"Ni damuwata, awa biyu ke nan sun ƙi mutuwa."

Bachisio ya ja tsaki.

"Yo ina za su mutu, iska na shiga? Ninki biyu ake yi wa bakin jakar, a murɗe tam. Kafin ki yanka burodi sun yi tsit."

Matar ta ƙura masa ido.

"Baba, kai a ina ka koya?"

Ya gyara hula, ya waiga hagu da dama.

"Surukin naki, mutumin ina ne?"

"Orune."

"To, 'yata, ba ki taɓa ganina ba."