Mutumin da Ya Ƙi Ɗauko Uban Wasu

Mai girma Induna Khanyile, wakilin Inkosi, sarkinmu; Mfundisi Sibiya, jagoran wannan coci; kansilar gundumarmu; ma'aikatan ɗakin karatu; Mama MaCele, matar marigayi, da 'ya'ya da jikoki; Gogo Thembani, yayarsa, wadda ta goya shi a bayanta; 'yan uwana mutanen Eshowe: ina gaishe ku, kowa da matsayinsa.

Sunana Velaphi Mdletshe. Na yi shekara talatin da ɗaya ina tace labarai a gidan jarida a Durban, aikina bai wuce in tambayi ɗan rahoto wa ya gaya masa ba. Iyalin Biyela sun ce in yi magana a madadinmu duka a kan Thisha, wato Malam, Mphiwa Biyela. Zan kiyaye kada in faɗi abin da ba ni da shaida a kai, don da yana nan da ya tsayar da ni.

Ya kasance malamin tarihi shekara talatin da takwas, kuma rabin waɗanda ke zaune a nan sun ɗanɗana jan alƙalaminsa. Wannan kowa ya sani. Aikinsa na biyu nake so mu tuna, wanda ya fara bayan ya ajiye alli.

Da wuya ka sami gida a nan da ba shi da wanda ya hau jirgin ƙasa zuwa ramukan zinariya na Johannesburg bai dawo ba. Mun san abin da ake yi wa wanda ya mutu a nesa. A yanki reshen magarya, a je inda yake kwance, a kira sunansa, a ce masa taso mu tafi gida, a yi ta gaya masa hanya har ƙofar gidan ubansa. To amma ina za ka kai reshen idan ba ka san kabarin ba?

Yana da shekara sittin da uku ya ji cewa 'yan sa-kai suna ɗaukar hoton tsofaffin rajistocin maƙabartu, suna jera sunayen a intanet. Ya shiga ɗakin karatu ya ce wa ma'aikaciyar, wadda ɗalibarsa ce a da, "Yau ke ce malama. In na yi shirme ki daka mini tsawa, ki rama." Daga ranar, kowace Talata da Alhamis yana kan kwamfuta ta uku, ta jikin taga, yana buga haruffa da yatsa biyu kamar kaza tana tsintar tsaba.

Ya kasance mai haƙurin da ba mu da shi. Jerin sunaye layi ɗaya kawai yake ba ka: suna, shekara, lambar kabari. Shi sai ya buɗe hoton shafin ya karanta rubutun magatakardan da ya mutu tun kafin a haifi yawancinmu. Mutane suna zuwa masa da abin da suka mallaka: tsohuwar wasiƙa, lambar aiki a bayan hoto, ko "kakata ta ce wajen Benoni ne." A shekara goma sha biyu ya cika littafin rubutu goma sha tara, ya gano kabari arba'in da bakwai. Na ƙirga da kaina. Na kakana ne na goma sha ɗaya.

Ya kasance mai ƙa'ida guda: ba ya nuna wa kowa kabari sai takarda biyu sun yi magana ɗaya. Wannan ƙa'ida ta fi cutar da shi fiye da kowa, kuma Gogo Thembani ta ba ni izini in faɗi yadda aka yi.

Mahaifinsu, Elias Biyela, ya tafi a 1951. Mphiwa yana da shekara biyu, Thembani tana da goma. Wasiƙa uku suka zo, sai shiru. Shekara bakwai da suka wuce Thisha ya ga layin da ya daɗe yana nema: Elias Biyela, 1953, kabari na 1184, a wata maƙabarta kusa da Benoni. Ya kai wa yayarsa labari, ni na raka shi.

Ta ce, "Sunansa ne?"

Ya ce, "Sunansa ne, Sisi."

"Shekarar ta yi daidai?"

"Ta yi."

"To me kake jira? Ya aiko maka da wasiƙa?"

"Takarda ta biyu nake jira."

Ta ce, "Ji mini yaro! Kai da ko fuskarsa ba ka sani ba. Ni na riƙe masa bargo har tasha. Ni ce takarda ta biyu!"

Ya ce, "Sisi, in muka ɗauko uban wasu, 'ya'yansa za su je su tarar babu kowa, mu kuma mu daina neman namu."

Ta ce, "Ka jira. In na mutu sai ka ɗauko mu tare, mai takardu."

Mun yi dariya yanzu, amma a lokacin ba abin dariya ba ne. Tsohuwa ce, ta san kwanakinta, abu ɗaya take so kafin ta tafi. Kowace shekara takan yanki sabon reshe ta rataye a bayan ƙofa, ya bushe a wurin. Shida suka taru. Ta daina aika masa da dankalin da ta saba aikawa duk kaka. Mama MaCele, ke kika riƙa kai saƙo tsakaninsu kamar masu shari'ar gona, mun ga wahalarki. Mu ma mun sa baki. Ni da kaina na ce masa, "Mphiwa, ka bar ta ta je mana, wa zai sani?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ne mai gyaran jaridar?" Ban sake ba.

A watan Maris na bara aka sa jerin takardun diyyar ma'aikatan rami a intanet. Ina kan kwamfuta ta huɗu sa'ad da ya buɗe. Elias Biyela, 1953, kabari na 1184 ɗin dai. Matarsa MaZungu ce, ta garin Mahlabathini, da jaririya guda. Mahaifiyar su Thisha kuwa MaShandu ce. Ya cire tabarau ya goge ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, "Velaphi, ba namu ba ne." Can kuma ya ce, "Amma na wasu ne."

Wata biyar ya yi yana bin coci-coci da wasiƙa har ya sami jaririyar nan. Mama Gabisile, ga ta can a layi na uku da shuɗin mayafi, shekararta saba'in da biyu. A watan Satumba ta je da reshenta ta ɗauko mahaifinta, ta same shi inda aka ajiye shi, babu wanda ya riga ta. Bayan kwana uku buhun dankali ya iso gidan Thisha daga yayarsa, da saƙo a bakin mai kawowa: "Ka ci, mai taurin kai."

Ba zan ƙawata ƙarshen ba. Bai gano mahaifinsa ba. Littafinsa na goma sha tara ya tsaya a rajistar maƙabartar garin Springs ta 1955, shafi na 212. Gogo Thembani, mu huɗu ne muka karɓi aikin, Talata da Alhamis, daga shafi na 213. Ba mu yi miki alkawarin za mu same shi ba. Alkawarinmu shi ne, ranar da muka zo miki, da takarda biyu za mu zo. Ku kuma 'ya'yansa, littattafan nan sha tara naku ne. Kada ku kulle su a akwati.

Thisha ya rasu a asibiti a Durban a watan Yuni, nesa da gida shi ma. Reshen bana, na bakwai, wanda Gogo ta yanka don mahaifinta, shi ta ɗauka ta je ɗauko ƙanenta. Ta kama masa kujera a motar haya kusa da ita, ba ta yi wa kowa magana ba sai shi, kamar yadda aka saba. Ina zaune a bayanta, na ji komai. Ta gaya masa mun fita gari, ta gaya masa mun wuce gonakin rake. Da muka hau gadar Thukela ta ce, "Mphiwa, muna haye ruwa, riƙe ni da kyau." Sannan ta ce, "In ka ga Baba a can, ka rungume shi kawai. Kada ka tambaye shi takarda."

Muna gode wa duk wanda ya taka ƙafa ya zo, da matan coci da suka yi girki, da mutanen Mahlabathini da suka yi doguwar tafiya. Allah ya jiƙan Thisha Mphiwa Biyela, ya ba iyalinsa haƙuri. Allah ya sada shi da wanda ya nema. Ya ƙara wa Gogo Thembani kwana, har mu kai shafin da sunan mahaifinta yake. Amin.