Lawali da Dokar Layi

Assalamu alaikum. Mai girma wakilin Hakimi, Malam Liman, shugaban ƙungiyarmu ta direbobi Alhaji Nura, Inna Tambaya da ta haifi marigayi, mai ɗakinsa Malama Huseina da yara, da 'yan'uwan da suka taso daga Tsafe da Bungudu, muna gaishe ku. Ni Umar ne, kuma abokan aiki suka ce in yi magana a madadinsu kan Malam Lawali, ɗan kamashonmu a wannan tasha ta Gusau.

Ya kasance mai murya. In ya ce "Tsafe, saura mutum ɗaya," har masu nama a bakin ƙofa sai sun waiga, alhali kowa ya san saura huɗu. Ya kasance mai gardama, ba zan ɓoye ba, don na sha kaye a hannunsa.

A shekarar korona cutar ta kwantar da shi a asibiti, aka sa masa na'urar numfashi. Da aka sallamo shi muka yi sadaka, muka ce ya warke. Sai ga shi in ya yi kira ɗaya sai ya dafa mota. Daga nan zuwa masallaci sai ya tsaya a hanya kamar mai neman wani abu a aljihu. In an ce yaya jiki, ya ce da sauƙi, don haka aka koya mana amsawa. Sau ɗaya ya ce min, "Umar, likita ya sallame ni, amma ƙirjin ga bai ji labari ba."

Kun san dokar tasha: direban da layinsa ya zo ba ya jikin motarsa, layi ya wuce shi, sai ya koma baya. To Isah, direban Kwatarkwashi, ɗaki ɗaya suka kwanta da Lawali a asibiti, ya kuma fito da irin wannan sauran ciwo a ƙirji. In ya kishingiɗa don numfashi ya dawo, sai ya tarar an tsallake shi, ranar kuma tukunya ba ta hau wuta a gidansa ba. Sai ya daina hutawa, har ranar da ya tsaya gefen titi da fasinja cike da mota, ya kifa kai a sitiyari.

Lawali ya kai maganar taron ƙungiya. Yana faɗa yana tsayawa, yana haki, mu kuma muna jira. Ban taɓa ganin an bar mutum ya gama zance a tashar nan ba sai ranar. Aka amince cewa wanda ciwo ya bar wa saura, a riƙe masa layinsa har ya tashi. Ya kasance shi ne mai riƙewar, don ya san doka ba ta tsayawa da ƙafarta. In Isah ya kwanta, sai Lawali ya je ya jingina da motarsa, ba wanda ya isa ya tsallake.

Inna Tambaya, kin haifi mutum. Malama Huseina, ke kika san yadda yake kwana a zaune don kwanciya tana toshe masa ƙirji, mu amsar gaisuwa kawai muka sani. Allah ya ba ku haƙuri. Mun yi rashi, kuma yana mana ciwo.

Alhaji Nura, na ji ana cewa a soke dokar nan, wai ragwaye sun fara fakewa da ita. Akwai su, ba mu musu. Amma Isah yana zaune a nan, numfashinsa kuma yana inda yake. Gobe da safe layinsa zai zo, kuma Lawali ba zai jingina da motar ba. Muna roƙo wani a cikinmu ya je ya tsaya.

Mun gode wa kowa da ya zo, Allah ya mai da ku gida lafiya. Allah ya raya abin da ya bari. Allah ya jiƙan Lawali, ya yalwata masa makwanci, ya ba shi hutun da babu mai cewa layi ya wuce shi. Amin.