Ku Wanke Sunan Attaher Ma'azu

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Mai girma Farfe, mai mulkin jihar Tawa, shugaban wannan taro. Masu girma dipitoci 'yan majalisa, da manyan ma'aikata da suka taso daga Yamai. Iyayenmu sarakuna da hakimai. Malamanmu masu daraja. 'Yan kasuwar Tawa da direbobinta. Mutanen Affala, da Bambeye, da Tebaram, waɗanda suka baro gonakinsu ana tsakar noma. Iyaye mata da ke zaune can baya cikin rana: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Illa ɗan Ciɗo, fataucin shanu ne sana'ata. Ina godiya da aka ba ni wannan dama. An gaya mini in yi yabo kaɗan in zauna, domin a buɗe allon ƙarfen can da aka rubuta sunan marigayi Attaher Ma'azu a bakin tashar mota. Godiyar na yi ta. Amma ku yi mini haƙuri, ba zan zauna da wuri ba, domin ni da Attaher rijiya ɗaya muka sha a Affala, kuma ni na riƙe kansa ranar da ya cika.

Da farko, bari in gaya wa yara wane ne shi. Ɗan manomi ne. Shekarar da Nasara suka ce kowane gari ya ba da yaro ɗaya a kai lakwal don karatun boko, manyan Affala suka ɓoye nasu, aka miƙa ɗan Ma'azu don ubansa ba shi da mai tsaya masa. Ya yi karatu nan Tawa, ya wuce Yamai, ya zama akawu. Da ƙasa ta samu mulkin kai aka rasa wanda ya kai shi sanin lissafi, aka ɗora shi kan masu tsara kasafin kuɗin ƙasa. Abin da za a kashe wa asibiti, da hanya, da rijiya, sai ya bi ta hannunsa. Duk da haka, kowace damina yakan zo gida, ya tuɓe takalmi, ya kama hauya a gonar ubansa. Ba waliyyi ba ne. Yana da taurin kai, yana da zafin baki, ni kaina mun yi shekara ba mu gaisa ba a kan maganar iyakar gona. Amma bai taɓa cin abin da ba nasa ba.

Na biyu, abin da aka yi masa. A shekara ta uku da mulkin kai aka ware rabon kuɗin rijiyoyin arewacin yankinmu na Adar, inda mace ke fita da asuba neman ruwa ba ta dawo ba sai rana ta karkata. Wani babba da ke samansa ya kira shi, ya ce a juya rabon nan a gina masaukin manyan baƙi, a sayo motocin tarbarsu. Attaher da bakinsa ya ba ni labarin. Ya ce masa: "Ranka shi daɗe, uwata a bakin rijiya bayanta ya lanƙwashe. Ba ni sa hannu ga wanga abu." Babban ya ce: "Kai ɗan Adar ne ko ma'aikacin gwamnati?" Ya ce: "Ni na ɗauka duk ɗaya ne."

Ba a kore shi ranar ba. An bari sai da ƙasa ta rikice, ana kama mutane da sunan adawa, sannan aka ce shi ma yana ciki, kuma ya ci dukiyar jama'a. Aka kai shi kaso, aka kulle. Ba alƙali, ba shaida, ba hukunci. Da suka gaji da ajiye shi suka buɗe ƙofa suka ce ya tafi. Ba wanda ya ce masa ka yi laifi, ba wanda ya ce masa ba ka yi ba.

Ya dawo Tawa da tari a ƙirji. Kuma ku, mutanen garinmu, kada ku sunkuyar da kai kuna kallon baƙi, maganar nan ta iso gare ku. Mutumin da kuke cika ƙofar gidansa kuna neman ya sa ɗiyanku aiki, shi ne ya shigo masallacin Juma'a kuka ja tabarminku gefe. Shi ne aka yi sunan ɗansa, matarsa Kadidiya ta dama fura mai yawa, har la'asar ba a samu masu sha ba. Na shiga na tarar da ita tana rufe ƙorai, ta ce mini: "Yaya Illa, mi muka yi ma mutane?" Yau ina miƙo muku tambayar, ku amsa mata, ga ta can zaune.

Na uku, abin da ya yi bayan haka. Bai zauna yana kuka ba. Ya sayar da gidansa na Yamai ya sayi tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, ya shiga kai albasa da fatu Sakkwato da Kano, yana dawowa da goro da atamfa. Mutumin da ya zauna biro, kan kujerar ofis, yana ba da umarni, na gan shi kwance ƙarƙashin mota cikin taɓo yana ɗaure ƙarfe. Allah ya sa albarka, kamiyo ɗaya ta zama uku. Direbobin da ke tsaye can, yawancinsu a hannunsa suka koyi tuƙi. Da ya samu sarari, bai gina soro ba. Ya ɗauki masu haƙa ya kai su Tebaram, ya ce rijiyar da ya kasa samo musu da alƙalami zai haƙa ta da guminsa.

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke tun hatsi bai fid da kai ba. Kun tuna ta, ba ta yi nisa ba. Waɗansu 'yan kasuwa a garin nan suka kulle rumbuna suna jiran tsada. Attaher ya daina ɗaukar goro, ya riƙa cika motocinsa da hatsi yana kai wa arewa, yana sayarwa yadda ya saya. Wannan ne ya ɓata musu ciniki. Suka taru suka kai ƙara cewa sumoga yake yi, kuma ai dama tsohon ɗan kaso ne. Aka kama motocin uku a kan iyaka, da hatsin a cikinsu. Ya yi ta zarya yana roƙo, daga wannan biro zuwa wancan, ana ce masa ya dawo gobe, har hatsin ya ruɓe ƙarƙashin tamfol alhali yara suna cin ganye a Tebaram. Da ya ga haka ya yi hayar raƙuman Buzaye, ya ɗora abin da ya rage masa, ya bi su da kansa da tarin nan nasa. Ya kai hatsin. A hanyar dawowa ya faɗi, aka kawo shi Affala, a ɗakin uwarsa ya cika.

Yanzu, shekara guda bayan haka, an kawo allo. An shafa masa fenti. Waɗanda suka kai ƙararsa ina ganin waɗansunsu a layin gaba, sun sha babbar riga. Ba zan kira suna ba, sun san kansu, mu ma mun san su.

Mai girma Farfe, kai baƙo ne a nan, ba a hannunka aka yi ba, amma a hannunka gyaran yake. Abin da muke nema ba shi da yawa. Motocin nan har yau suna kan iyaka, tayoyinsu sun nutse cikin ƙasa. A sake su, na marayu ne. Rijiyar Tebaram ta tsaya rabi, ba ta kai ruwa ba, awaki na faɗawa ciki. A ƙarasa ta. Sannan babba a cikinsu: wani mai iko ya tashi a gaban jama'ar nan, ya faɗa da baki, a ji a rediyo, cewa Attaher Ma'azu ba ɓarawo ba ne. Babbar ɗiyarsa Mariama ta daina zuwa lakwal saboda abin da yara ke kiranta. In ba za a iya faɗin wannan kalma ɗaya ba, to, ina roƙo a bar allon a rufe, a mayar da shi inda aka ƙero shi.

Allah ya jiƙan Attaher, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya raya abin da ya bari, ya ba Kadidiya haƙuri. Allah ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya ba talakawa ƙarfin halin gaishe da wanda aka zalunta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Mai girma Farfe, ni na gama, amsa muke jira. Na gode.