Ginshiƙai Biyu

A rumfar mai shayi ta bakin tasha a birnin Kathmandu, Sarmila ta lura wani tsoho ya ƙura wa jakar makarantar da ke cinyarta ido.

"Ta 'yarki ce?"

"Mantawa ta yi, Baba, zan kai mata. Kwananta uku a sabuwar makarantar can mai koren fenti."

Tsohon ya ajiye kofinsa. "Mai hawa huɗu? Ai otal ɗin caca ne a da. Indiyawa masu ƙaramin ƙarfi ke cika shi, ɗaki da araha, shinkafa kyauta. Tun girgizar ƙasa aka rufe shi."

"An gyara shi. Shugabar makarantar har rantsuwa ta yi mana."

"Fenti dai aka shafa. Ajin ƙananan a ƙasa yake? Babban ɗakin nan?"

"Shi ma ya burge ni. Fili fetal, yara sai guje-guje."

"A da akwai ginshiƙai biyu a tsakiyarsa. Mai otal ya ce sun tare wurin teburin caca, ya sa aka cire su."

"Haba Baba, daina tsorata mutane! Wa ya gaya maka?"

"Kwana tara ana sara, 'yata. Rodin ciki kauri kamar babban yatsa, sai da na canza zarto sau uku."

Sarmila ta dubi hannayensa. Wata babbar mota ta wuce, kofunan kan tebur suka hau karkarwa.

Ta zabura da gudu, ta bar jakar a kan benci.