Igiyar Bakin Hanyar Matankari

Mai girma shugaban taro, manyan gari da ke zaune cikin inuwa, malamai da limamai, uwayenmu mata da ke tsaye cikin rana, jama'ar Dogon Dutsi, assalamu alaikum.

Ni Hilaire mai allura, ina godiya da anka ba ni magana yau, ranar da za a yi ma Rabo kyautar riga don ya tsare igiyar da munka gitta bakin hanyar Matankari, kada ƙyanda ta shigo mana. Wata ukku yana gadi, ko mai jaki bai wuce ba sai ya buɗe baki an duba. Yara goma sha ɗaya munka rufe, amma igiya, alhamdulillahi, tana nan lafiya lau.

Na farko, ga abin da likita ya koya mana a Yamai. Jikin mutum ƙananan ɗakuna ne da ido bai gani, kowane da masu gadi bakin ƙofa. Ƙwayar cuta ba ta fasa bango, ba ta haura katanga. Mai gadi ne zai gan ta, ta yi mishi kama da baƙon arziki, ya buɗe. Ta shiga, ta hayayyafa, in ta tashi fita da 'ya'yanta kuma, a gaban masu gadin nan za ta wuce ɗakin maƙwabci.

Na biyu, wata ranar kasuwa baƙar mota ta iso igiya, da yaro kwance a baya, idanu jajur. Rabo ya rugo wurina, ya ce, "Malam Hilaire, motar manya ce, in tsaida ta?" Na leƙa, na ga surukina ne. Na ce, "Haba Rabo, ka taɓa ganin cuta cikin mota mai labule?" Da hannun ga nawa na ɗaga igiyar. Cikin sha ɗayan da munka rufe, ta bakwai ɗiyata ce, Félicité, kuma har yau ban iya duban uwarta.

Na ukku, ran Juma'a masu rigakafi za su zo. Allurar tana nuna ma jiki fuskar cuta, ya tare ta tun ba ta kai ƙofa ba. Na ji manya suna cewa igiya ta isa. Ina roƙonku, ku kawo yara. Allura ba ta da suruki.

Allah ya jiƙan yaranmu, Allah ya raya waɗanda sunka saura, Allah ya maida kowa gida lafiya. A ba Rabo rigarshi, shi dai ya tambaya.

Na gode.