Na Ɗauka Ciwo Na Masu Hali Ne

Salama gare ku ƴan'uwa, cikin sunan Yesu mai rai! Rahila ce, ƴar lise, wato makarantar sakandare, a Gidan Rumji. Da telefon nake buga wannan, cike da murna!

A ƙauyenmu, wajen Sae Sabuwa, in dai kina iya ɗauko ruwa daga rijiya, to lafiyarki ƙalau. Sai wanda ya kwanta warwas ake kira marar lafiya. Haka na tashi.

Ƙawata Saratu kuwa, babanta babban mai sayen hatsi ne. Atishawa biyu, sai ga moto an kai ta likita. Kullum ina tsokanarta: "Ƴar gata, sauro ne ya harare ki yau?"

Ashe ni ce ciwo ke ci a hankali! Jiri a aji, haki in na hau ƴar tudu, zuciya na dukan tara-tara. Saratu ta ja fatar idona ta duba.

"Ke Rahila, idonki fari fat kamar alli!"

"Yunwa ce, madam. Ni garau nake."

Har zuciyata na yarda da hakan. Gani nake ciwo kayan masu hali ne.

Ran nan a zumuntar matasa, fasto ya ce marasa lafiya su fito a yi masu addu'a. Na yi zamana. Saratu ta finciko ni: "Tashi, taurin kai!"

Na durƙusa. Da aka ce amin, kowa ya miƙe, ni ƙafafu suka ƙi. Nan hawaye suka ɓalle, na ce, "Yesu, ba ni da lafiya. Ka taimake ni." Ban taɓa faɗin wannan ba a rayuwata!

Aka kai ni asibiti, suka ce jinina ya kusa ƙarewa. Ƴan zumunta suka yi layi don ba ni nasu.

Inna ta iso da ƙurar hanya a zanenta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, tun hutu na ga kin ɗashe. Na yi shiru ne. In na ce ba ki da lafiya, da mi zan kai ki likita?"

Muka yi ta kuka, ta share mani, na share mata.

Yau ga ni, ina guje-guje a filin lakol, makarantarmu! Na gode, Ubangiji! Ɗan'uwa, ko aljihunka wayam ne, in jiki na ciwo ka faɗa. Yesu yana ji, kuma yana da mutane. Halleluya!