Mawaƙin da Ya Ɓoye Fuskarsa

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan, don aikin wani zai iya tafiya a kai.

A layin shiga wata ƙaramar silima ne a Osaka, inda ake nuna fim ɗin tarihin mawaƙan fank, masu ihu da zagin hukuma. A gabana akwai dattijo cikin kwat, da wani saurayi mai gashi tsaye kamar zankon zakara.

Saurayin ya ce, "Baba, ka ɓata hanya. Asibiti yana gaba."

"Sannu, ɗan tawaye. Na ga har layi kake bi."

"Kallona na uku ke nan. Gwaraza ne duka, ban da matsoracin mawaƙin da ya sa aka ɓoye fuskarsa."

"Wataƙila yana da iyali."

"Ayya, bawan Allah! Da yana zagin gwamnati, yanzu yana tsoron matarsa."

"Kai dai ci gaba da shafa wa gashi danƙo. Ran da banki ya ga hotonka kana fasa kujeru tsirara, ka ga ko za ka kai fansho."

"Banki? Ba a ambaci banki a fim ɗin ba, Baba."

Dattijon ya kawar da kai. Saurayin ya ƙura masa ido, ya rusuna har gashinsa ya soki kwat ɗin.

"Malam! Kai ne? Sa mini hannu a riga!"

"Rufa mini asiri, miƙe! Mutane na kallo."

Dattijon bai gane ni ba, ko da yake ni ke share ofishinsa a bankin. Washegari da safe na goge teburinsa ina rera waƙarsa ƙasa-ƙasa. Ya ƙware da shayin da yake sha.